Yadda Muka Kai Littafin Marina Gaban Kyamara

Ni editar littattafan labarin zane ce, irin waɗanda hoto ke ɗauke da fiye da rabin labari, maganar mutane kuma tana cikin 'yan balan-balan a saman kawunansu. Ba ni ke rubutawa ba, ba ni ke zanawa ba. Nawa shi ne in tsaya tsakanin marubuci da mai zane da maɗaba'a, in tabbatar idon mai karatu ya bi shafi daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba. Idan kuma Allah ya sa littafi ya ja hankalin 'yan fim, ni ke raka shi can, domin ni na san ciki da wajensa.

Wannan littafin ya zo hannuna ne a zube, rubutu zalla, babu hoto ko ɗaya. Marubuciyar 'yar Kura ce, jikar marina, Kura kuwa gari ne da aka sani da turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa. Labarin wani tsohon marini ne da ɗansa na fari. Yaron ya bar karofi ya shiga Kano, ya zama yaron shago a Kantin Kwari yana sayar da atamfa da shadda 'yan waje, wato kayan da suka kashe wa ubansa kasuwa. Sai ciwo ya kama tsohon, yaron ya dawo gida. Uban ba ya kiran sunansa, ba ya kallon fuskarsa. Shi kuma yaron ya kasa gane ko kunyar ɗan fari ce irin wadda iyaye suka gada, ko kuwa fushi ne. A kan wannan rashin sanin labarin yake tsaye gaba ɗayansa, kuma tun karatun farko na ƙudurta cewa duk abin da za a taɓa, ban da wannan.

Aikin farko shi ne yanka rubutun zuwa shafi-shafi, kowane shafi kuma zuwa akwati-akwati, wato gidajen da kowane hoto ke zama a ciki. Ƙa'idar da nake bi guda ce: abin da hoto ya nuna, rubutu ba ya maimaita shi. Inda marubuciya ta ce tsohon ya fusata, sai mu share jimlar, mai zane ya zana hannunsa yana murɗe yadi har jijiyoyi sun tashi. Ta ji zafin wannan da farko, domin jimlolinta masu kyau ne, kuma ba don rashin kyau nake cire su ba. Balan-balan ɗaya ba ya son ya wuce kalma 25, idan ya wuce sai ya cinye fuskar mai maganar.

A nan Hausa ta kawo mana nata rikicin, wato gaisuwa. Ɗa ba zai dawo daga birni ya tarar da mahaifinsa ya faɗa magana kai tsaye ba. Sai an yi ina wuni, ina gajiya, ya jiki, ya aiki, ya mutanen gida. Idan muka yanke, mai karatu Bahaushe zai ɗauki yaron marar tarbiyya, alhali ba haka yake ba. Idan muka bar ta duka a manyan balan-balan, shafi ya tafi a banza. Mai zanen, wani saurayi da ya karanta zane a Zariya, shi ya kawo mafita. Ya ce, "Anti, a bar gaisuwar duka, amma a ƙanƙanta ta." Ya zana dogon akwati guda daga saman shafi har ƙasa, ya jero gaisuwar a 'yan ƙananan balan-balan suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, yaron a tsugune a gefe, uban ya ba mu baya yana kallon ramin shuni. Baki na ta lafiya lau, lafiya lau, hoton kuwa yana faɗin wani abu dabam. Wannan shafin ne ya nuna mana yadda za a gina sauran littafin: ba za a ga fuskar uban ba. Bayansa za a riƙa gani, da ƙeyarsa, da hannayensa masu shuɗin farce, har sai ranar da ya ɗaga kai ya dubi ɗansa.

Kafin a yi zane na gaske, mai zane yakan yi 'yan ƙananan zayyane-zayyane na kowane shafi, kowanne bai wuce tafin hannu ba. A wannan matakin nake yin mafi yawan aikina, domin gyara a nan minti biyar ne, gyara bayan an sa tawada kuwa kwana ne. Nakan baje su a ƙasa bibbiyu yadda za su kasance idan an buɗe littafi. Dalili shi ne, idan mutum ya buɗe littafin zane, idonsa na ganin shafuka biyu a lokaci guda tun kafin ya karanta ko kalma. Duk abin mamakin da aka sa a shafin dama ya riga ya tonu. Wurin ɓoye abu shi ne shafin hagu, mai lamba cika, wanda ba a ganinsa sai an juya takarda. Saboda haka muka yi ta matsar da akwatuna gaba da baya har fuskar tsohon ta faɗo a shafi na 96, ita kaɗai ta cika shafin, babu magana. A akwatin ƙarshe na shafi na 95, yaron ne ya tsoma hannu cikin shuni karon farko tun barinsa gida. Mai karatu da hannunsa yake juya takardar, kuma shi ke zaɓar lokacin da zai juya.

Sauran aikin littafin na bi shi da sauri a nan, duk da ya ci lokaci. Yawancin haruffan kwamfuta da aka ƙera don littattafan zane ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle manyansu, don haka mai zane ya rubuta haruffa da hannunsa muka mayar da su na kwamfuta. Maɗaba'a tana buga shafuka 16 a faranti ɗaya ta naɗe, shi ya sa muka tsaya a 128. Launin shuni kuma idan aka haɗa shi da tawada huɗu da aka saba, yakan karkata ya koma ruwan malmo, sai muka buga littafin da launi biyu kacal, baƙi da wani shuɗi da aka dama musamman. Hakan ya rage kuɗi ma, a lokacin da farashin takarda ya haura bayan an saki naira a 2023.

Littafin ya yi 'yan watanni a kasuwa sai wani furodusa ya neme mu. 'Yarsa ce ta kai littafin gida. Ya zo da kyakkyawar niyya da kuɗi a aljihu, yana so a yi musabaha a gama. Ya ce, "Malama, ai mu duka 'yan gida ne, amana ta fi takarda." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, takardar ce za ta tsare mana amanar." Na daɗe ina ganin marubutanmu suna ba da labari da baki, fim ya fito ya yi kasuwa, sunansu ko a ƙarshen fim babu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa mai aiki ikon a juya aikinsa zuwa wani fasali, kuma ta ce sayar da wannan haƙƙi ko ba da shi ga mutum ɗaya tak ba ya tabbata sai a rubuce.

A littafin zane masu haƙƙi biyu ne, kuma nan ake yawan cutar mai zane. Furodusa yakan ɗauka marubuci kaɗai zai sallama, alhali kamannin mutanen, da tufafinsu, da tsarin gidan, da dabarar ɓoye fuskar nan, duk daga alƙalamin mai zane suka fito. Muka samu lauya ya rubuta yarjejeniya mai hawa biyu. Hawa na farko, furodusa ya biya kuɗi kaɗan ya riƙe labarin na wata 18, ba wanda za a ba, shi kuma ya nemo kuɗin aiki da tashar da za ta nuna. Idan ya samu, sai hawa na biyu, ya biya cikakken kuɗi a fara. Idan bai samu ba, labari ya koma hannun masu shi. Muka rubuta yadda sunayensu biyu za su fito a farkon kowane kashi, da kason da za su samu idan an sa shirin a YouTube ko an sayar wa wata tasha, da cewa littafi na biyu da duk wani bugu na gaba nasu ne. Alhaji ya yi ɗan jim, ya karanta, ya sa hannu. Har aka gama aikin ba mu sake buɗe takardar nan don rigima ba.

Tambaya ta gaba ita ce, katun za a yi ko da mutane? Mai zane katun yake so, kuma na fahimce shi, domin ta nan ne kawai layin alƙalaminsa zai rayu. Akwai misalai a gabansa. Marjane Satrapi ta mayar da littafinta Persepolis fim a 2007 da zanen hannu, mafi yawansa baƙi da fari kamar littafin, har ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Aya ta Marguerite Abouet, labarin unguwar Yopougon a Abijan, ta fito littafi a 2005, ta zama katun a 2013. Na kusa da mu ma, Iyanu na Roye Okupe ya fara fita a Cartoon Network a 2025. Amma sai muka zauna da biro muka yi lissafi. Katun mai motsi daidai-wa-daida yana cin zane 12 a kowace daƙiƙa. Kashi ɗaya mai minti 25 daƙiƙa 1,500 ne, wato zane 18,000. Littafinmu kaf bai kai akwati 700 ba, kuma ya ɗauki mai zanen nan fiye da shekara. Waɗancan ayyuka da muke misali da su, ɗaruruwan hannuwa ne da kuɗin manyan kamfanoni a bayansu. Abin da Kano ke da shi a yalwace shi ne 'yan wasa da masu kyamara da masu tace hoto, mutanen da ke wannan sana'a tun fim ɗin Turmin Danya a 1990. Muka tsaya a kan mutane.

Tashar ta nemi zango ɗaya mai kashi 13. A rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan ana neman shafi sama da 300 daga littafin da mutum zai karance tsakanin azahar da la'asar. Mutane sun saba jin cewa fim yana yanke littafi. Namu cikowa ya buƙata, kuma cikowa ta fi yanka haɗari, domin duk abin da ka ƙara zai iya danne na asali.

Aka haɗa ni da wani marubucin fim da ya daɗe a masana'antar, ga marubuciyar littafin, mu uku. Dabarar da muka bi ita ce, ba za mu shigo da baƙo ba sai mun gama da 'yan gida. Muka koma littafin muna duba duk mutumin da ya gifta ko da a akwati ɗaya ne. Akwai uwar yaron, wadda a littafi hannunta kawai aka gani yana miƙo kwanon fura ta bakin ƙofa. Akwai wani Buzu daga Agadas, tsohon abokin cinikin uban, da ke zuwa sarin turkuɗi. Akwai maigidan yaron na Kwari. Akwai wata yarinya mai tallar goro da ta tsaya a bayan mabuga a akwati biyu. Kowannensu muka tambaya: ina yake zuwa idan ya fita daga akwatin nan? Daga nan uwar ta zama ginshiƙin shirin, domin ita kaɗai ta san abin da ke zuciyar mijinta, kuma ita ma kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki. Buzun ya samu kashi guda nasa, na bashin da ke tsakaninsa da tsohon shekara da shekaru ba takarda ba shaida. Furodusa ya nemi soyayya, domin ya san masu kallonsa, ban kuwa ga laifinsa ba. Mai goron nan ta ɗauki wannan nauyin, kuma ta ɗauka da kyau, tunda daga cikin karofin ta fito, ba daga sama aka jefo ta ba. Abin da na tsaya a kai na ƙi shi ne a sa wa uban wani tsohon sirri, wai ko yaron ba ɗansa ba ne. Wannan zai ba mai kallo amsa mai sauƙi, ya kashe tambayar da ta riƙe labarin.

Da aka zo shirin ɗauka, darakta ya zo da littafin duk ya lanƙwasa kusurwoyin shafuka, yana murna. A ganinsa an riga an yi masa rabin aiki: ga kowane hoto an zana, sai dai a ajiye kyamara inda mai zane ya tsaya. Ya kawo misalin Sin City na 2005, inda aka bi zanen Frank Miller kusan akwati bayan akwati. Muka ce a gwada da shafin gaisuwar nan, da 'yan wasa biyu a tsakar gidan ofis. Aka ɗauka daidai yadda yake a littafi, aka kunna muka kalla. Abin ya mutu murus. A takarda, mai karatu na iya tsayawa a kan wannan akwati daƙiƙa biyu ko minti biyu, idonsa ya sauka kan gaisuwar, ya koma kan ƙeyar uban, ya sake dawowa. A allo gaisuwar ta wuce cikin daƙiƙa goma sha, ba abin da ya rage sai mutum biyu da suka gaisa.

Wannan shi ne asalin aikin, kuma a kansa na fi ɓata dare. Tsakanin akwati da akwati akwai ɗan farin fili siriri. A cikinsa mai karatu ke yin nasa aikin. Ya ga hannu ya ɗaga, ya ga yadi a ƙasa, shi ya jefar da yadin a cikin kansa. Shi ke riƙe da lokaci, shi ke sa murya, shi ke sa sauti. Fim yana karɓe wannan duka daga hannunsa, hoto 25 a kowace daƙiƙa, ko ya shirya ko bai shirya ba. Don haka na ɗauki littafin na bi shi fili bayan fili, ba akwati bayan akwati ba, ina rubuta wa darakta abin da mai karatu ke yi a kowanne: nan yana jira, nan yana tsoro, nan ya tsallake shekara uku, nan yana so ya juya takarda amma yana jin nauyi. Sannan muka nemi abin da zai yi wannan aikin a fim. Wani wuri shiru ne. Wani wuri a bar kyamara a kan fuska bayan magana ta ƙare. Gaisuwar nan muka ja ta, muka sa uban yana jinkirta kowace amsa, tsakanin tambaya da amsa ba ka jin komai sai ɗigar ruwan shuni daga yadi. Juyin takarda kuwa, mun same shi a hutun talla da ƙarshen kashi. Duk abin da a littafi muka ɓoye a shafin hagu, a shirin mun ajiye shi bayan talla ko farkon mako mai zuwa.

Sai babbar magana, fuskar uban. Furodusa ya ɗauko dattijon jarumi wanda sunansa kaɗai ke jawo masu talla, ba kuwa mai hankalin da zai biya irin wannan mutum ya ɓoye fuskarsa mako tara. Mai zane ya ce idan aka nuna fuskar tun farko, an rushe littafin. Kowa da gaskiyarsa. Marubuciyar ce ta warware, cikin natsuwa. Ta ce ai ba ga duniya tsohon ya ɓoye fuskarsa ba, ga ɗansa ne. Sai muka kafa doka: idan tsohon yana tare da matarsa, ko Buzun, ko abokan sana'a, a nuna shi sosai, yana dariya, yana ciniki, yana faɗa. Amma duk fitowar da ɗansa ke wurin, kyamara na bayan tsohon ko a kan hannunsa. Mai kallo ya san fuskar, ya san tana iya fara'a, yana kuma ganin an hana yaron ita. Ni a ganina wannan ya fi na littafin ciwo. Ranar da aka yi wa dattijon bayani, ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, haka mahaifina ya yi da yayanmu har ya koma ga Allah." Ba a sake yi masa bayanin komai a kan wannan rawar ba.

A lokeshin na ga abubuwa biyu da fim ya ba labarin waɗanda takarda ba za ta taɓa iya bayarwa ba. Na farko launi. Yadi idan aka tsamo shi daga ramin shuni, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne mai ɗan rawaya, sai iska ta buge shi yake rikiɗa a gaban idonka. A littafi akwati uku muka ba wannan, kuma da launi biyu ba mu iya nuna koren ba. A fim aka kafa kyamara ba yankewa, wani tsohon marini na gaske ya tsamo yadin ya baza, muna tsaye muna kallo yana juyewa. Hannayensa ne ma ake gani a duk inda aka matso kusa, domin hannun jarumi, ko an shafa masa shuni, bai san yadda ake murɗe jiƙaƙƙen yadi ba. Mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da komai ya yi daidai daga ɗauka zuwa ɗauka, ta sha aiki wajen daidaita shuɗin hannun mutum biyun nan kullum. Da na tambayi tsohon ko ya gaji da maimaitawa, sai ya ce, "Yarinya, ai wannan ba aiki ba ne, ku dai ku nuna shi daidai."

Na biyu sauti. Mabuga suna zaune jere, yadi a kan gungume, kowa da sandar bugu mai nauyi, suna saukewa bi da bi har ƙyalli ya fito. A littafi mun rubuta ƙarar da manyan haruffa a gefen akwati. A nan kuwa mai ɗaukar sauti ya kwana biyu yana naɗar bugun shi kaɗai, kuma shi ya zama kiɗan shirin. Inda aka so a sa waƙa da rawa, bugun nan muka sa, yana sauri idan rai ya ɓaci, yana lafawa idan an huce. A kashi na 10, lokacin da yaron ya tsoma hannu a shuni uban ya ɗago, mai tacewa ya ɗauke bugun gaba ɗaya. Mun yi gardama a ɗakin tacewa kan tsawon wannan kallon. Darakta na son daƙiƙa huɗu, ni ina son a ninka. Aka kira masu aikin ofis da ba su san labarin ba aka nuna musu iri biyun, aka bar mai tsawon.

Akwai abin da muka rasa, ba zan ɓoye ba. Layin mai zane, yadda yake sa tawada ta yi kauri a kafaɗun tsohon kamar nauyi ne a kansu, babu kyamarar da ta kamo shi. Abin da muka iya shi ne mu ba shi buɗewar shirin, zanensa na motsi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin sunaye, kuma shi ya zaɓi tufafi da launin bangon kowane ɗaki, don shuɗi ya zama na karofi kaɗai, kada a gan shi a Kwari.

Daga nan sai takardu. Aka kai sassan shirin, wato kashi 13 ɗin nan, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, aka kuma bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Tun a rubutu mun san da wannan matakin, don haka ba mu ɗauki abin da za a ce a cire ba. Tasha ta sa rana, shiri ya fara fita mako-mako, daga baya aka ɗora shi a YouTube.

Littafin ya ƙare a kasuwa kafin zangon ya kai rabi, muka koma maɗaba'a. Furodusa ya ba da shawarar a sa hoton jarumin a bangon sabon bugu, zai fi saye. Wataƙila da gaskiyarsa ta fuskar ciniki, amma fuskar da muka ɓoye har shafi na 96 ba za ta hau bango ba. Muka sa siririn rubutu a ƙasa cewa shi ne littafin da aka yi shirin da shi, bangon ya zauna yadda yake.

Yanzu muna kan littafi na biyu, kuma wata sabuwar matsala ta ɓullo wadda ban taɓa cin karo da ita ba. Ƙananan zayyanen da mai zane ya turo mini, tsohon marinin ya fara kama da jarumin: hancinsa, yadda yake karkata hula, har tsayuwarsa. Shi kansa bai lura ba sai da na ajiye masa shafi na 96 kusa da sabon zanen. Marubuciyar ma ta fara rubuta fitowa masu tsawon magana, irin waɗanda ɗan wasa zai ji daɗin faɗa amma balan-balan ba zai ɗauka ba. Uwar yaron da mai goro, waɗanda shirin ya raya, mun yarda su shigo littafi na biyu da cikakken matsayinsu, domin sun cancanta. Fuskar tsohon kuwa na ce a mayar da ita yadda take a littafin farko, na kuma mayar wa marubuciya babi uku ta rage maganar zuwa abin da shafi zai iya ɗauka.